Yadda mukai jinyar Baba da kansar asbesto

Tun bayan rasuwar mahaifinmu mutane ke tambayata wai wace irin cuta ce wannan mai dogon suna, me akai masa kuma me ba'ai masa ba, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta gaba ɗaya ko wani zai amfana. Sunanta mesoteliyoma. Kansa ce, amma ba a cikin huhu take farawa ba, a siririn tantanin nan take da ya lulluɓe huhu ya kuma shimfiɗe a jikin haƙarƙari ta ciki, wasu a tantanin ciki take kama su amma mafi yawa a ƙirji ne. Kuma kusan duk inda ka ganta in ka bi tarihin mutum zaka tarar da ƙurar asbesto.

Baba kafinta ne na rufi da silin, tun yana saurayi yake wannan aiki a Kano, wajajen 1980 zuwa 2000 lokacin da kowa silin asbesto yake so a gidansa saboda baya cin wuta kuma gara bata taɓa shi. Da zarto suke yanka shi, daga baya da giranda ta zo suka koma kanta, ƙura ta tashi fari fat ta cika ɗaki su fito gemu da gira duk sunyi fari, ba takunkumi ba komai, ai babu wanda ya taɓa ce musu akwai matsala. Ita kuma wannan ƙura zare-zare ne ƙanana da ido baya gani, in suka shiga huhu basa narkewa basa fita, suna nan zaune suna sukar tantanin har shekara 20, 30, wani ma 50 kafin cutar ta bayyana. Baba bai taɓa shan sigari ba a rayuwarsa, kuma likita yace ko da yana sha ma ba ita ke kawo wannan ba.

Da haki abin ya fara. Ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a zaure ya huta kafin ya shigo, ga ciwo a gefen ƙirji na dama da yake cewa kamar an ɗora masa dutse, ga rama, ga gumi da daddare har ya jiƙa zanin gado. A asibitin da muka fara zuwa akai hoton ƙirji aka ga ruwa ya taru a gefe ɗaya, kuma a ƙasar nan duk likitan da ya ga dattijo da rama da gumin dare da ruwa a ƙirji tarin fuka zai fara kawowa, ni banga laifinsu ba don shi yafi yawa nesa ba kusa ba. Gwajin majina bai nuna komai ba amma akace tibi, wato tarin fuka, na tantani dama takan ɓuya, aka ɗora shi kan maganin. Yana sha fitsarinsa yayi ja kamar yadda akace zaiyi, amma ruwan nan sai dawowa yake, a zuƙe ya dawo a zuƙe ya dawo. Sai da aka tura mu babban asibitin koyarwa wani likitan ƙirji ya zauna yace Baba wace sana'a kayi, ba wadda kake yi yanzu ba, tun daga ƙuruciya. Yana jin silin asbesto ya ajiye biro. Wallahi tambayar nan ita ta juya komai, kuma abu na farko da zan roƙi duk mai karantawa kenan, in kun kai tsoho asibiti da ruwa a ƙirji ku faɗi aikin da yayi shekaru 30 baya ko ba'a tambaye ku ba, kafinta ne, bakanike ne mai hure ƙurar birki, mai aikin fayif ɗin ruwa ne irin na da, ko yayi aiki a kamfanin da ake buga kwano da silin.

Daga nan sai hoton siti, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla, sai kuma yanko ɗan nama daga tantanin a kai ɗakin gwaji. Ruwan da ake zuƙa shi kaɗai sau da yawa baya isa a gane wannan cutar, dole sai naman, shima sai anyi masa wani gwajin rini na musamman don a bambance ta da kansar huhu ta gama-gari da ta bazu, don maganinsu ba ɗaya bane. Jiran sakamakon nan ya fi komai cin rai. Da ya fito akace nau'in efitiliyoyid ne, wai iri uku ce, wannan shine mai ɗan sauƙi-sauƙi da yafi jin magani, akwai sakomatoyid mai tsanani sai kuma wadda ta haɗa biyun.

Anan rigimar gida ta tashi. Kawu, ƙanin Baba, yace kada wanda ya kuskura ya faɗa masa, a ce masa sanyi ne ya kama ƙirji, in yaji cewa cutar kansa ce zuciyarsa zata karye. Yayata tana bayan Kawu, ni kuma raina bai kwanta ba don mutumin da za'a saka wa kemo, maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, ya za'ai ace masa sanyi ne. Ashe shi ya riga ya karanci fuskokinmu. Ranar da muka koma ya dubi likitan yace likita ni ba yaro bane, na binne iyayena na binne 'ya'ya biyu, ka faɗa min abinda ka gani. Likitan ya ja kujera kusa dashi yace Baba cutar nan bata warkewa, amma akwai abinda zamu iya yi ta lafa, kuma akwai da yawa da zamu yi kada ka wahala, na biyun nan na maka alkawari. Baba yace Alhamdulillahi ala kulli halin. A satin ya sa aka kira masu binsa bashi da waɗanda yake bi, ya rubuta wasiyya, ya raba kayan aikinsa ga yaransa na shago. Da an ɓoye masa da duk wannan bai samu ba.

Zaɓin da aka shimfiɗa mana a gaba ba yawa. Kemo, ko maganin nan na zamani mai tada garkuwar jiki ta yaƙi kansar, ko tiyata, sai gashi da na'ura mai haske, sai kuma kula da numfashi da ciwo wanda likitan yace shi wannan ba zaɓi bane dole ne ko wanne muka ɗauka.

Maganar tiyata ita ta fi ɗaukar mana hankali don mu a tunaninmu kansa ai yankewa ake a huta. Har wani ajan mai kai marasa lafiya Indiya ya samo lambata, kullum sai ya kira, wai a can za'a cire abin gaba ɗaya mu kawo kuɗi kawai, Kawu har ya fara maganar saida filin gado. Na kai wa likitan maganar, bai raina ni ba, ya buɗe hoton sitin ya nuna min. Yace kaga wannan ba ƙulli bane guda da za'a ciro, shimfiɗe take kamar ƙanzo a jikin tukunya, ta bi haƙarƙari ta zagaye huhun ta sauka har kan tantanin numfashi na ƙasa, duk yadda aka kankare sai an bar saura. Yace akwai aiki iri biyu, wanda ake cire huhun ɗungurungum da tantaninsa da wanda ake feɗe tantanin a bar huhun, duka manyan ayyuka ne masu haɗari. Sannan ya bani labarin wani babban bincike da akai a Birtaniya aka fitar a 2024, mutum 335, aka raba su biyu wasu kemo kaɗai wasu kemo da tiyata, sai gashi waɗanda akai wa tiyatar tsaka-tsakin rayuwarsu wata 19 ne da ɗan kai, waɗanda ba'ai wa ba kusan wata 25, ga wahalar bayan aiki ta fi yawa a wajen na farkon. Yace in a ƙasar da suka fi kowa sanin cutar nan haka ta kasance, ni bazan ce ka saida filin marayu ka ɗora tsoho a jirgi ba. Na kai wa Kawu wannan bayani da kyar ya haƙura, kuma har yau ina ganin wannan shine alheri mafi girma da likitan yai mana.

Shi kuwa maganin garkuwar jiki, Opdivo da Yervoy ake haɗawa, Amurka ta amince dasu don wannan cutar a 2020 bayan gwaji ya nuna wata 18 a kan wata 14 na kemo, kuma amfanin nasu yafi fitowa ga masu nau'in nan mai tsanani. Da muka tambayi kuɗinsa mukai shiru kawai, ko gidanmu muka sayar bazai kai mu ƙarshe ba. Na bi ta asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya akace kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza yake ɗauka. Likitan yace kar in sa abin a raina, a irin nau'in Baba tazarar dake tsakaninsu da kemo ba mai yawa bace.

Kafin kemo sai da aka fara gyara numfashi. Ruwan in za'a zuƙa ba'a wuce kamar lita 1 da rabi a zama ɗaya, in aka kwashe da yawa lokaci guda huhun kan iya kumbura. To amma zuƙa kullum wahala ce ga haɗarin ƙwayoyin cuta, sai akace za'a saka masa tiyo a tsakanin haƙarƙari a tsiyaye ruwan duka sannan a ɗura hodar talk ta asibiti a ciki, ita hodar tana sa tantanin biyu su manne da juna ruwa ya rasa wajen zama. Sharaɗin shine huhun ya iya buɗewa ya taɓa bango, in cutar ta riga ta ɗaure shi ba zai yi ba sai dai a bar wa mutum siririn tiyo na dindindin a dinga tsiyayewa a gida. Nashi Allah ya taimaka ya buɗe. Ya sha zafi daren da aka ɗura, yayi zazzaɓi, amma bayan an cire tiyon mutumin da baya iya gama fatiha da numfashi ɗaya sai gashi yana taka ƙafa zuwa masallacin unguwa. A duk abinda akai masa babu wanda ya dawo masa da rayuwarsa kamar wannan ɗan aikin, kuma kuɗinsa bai kai na kemo zagaye ɗaya ba.

Kemon kala biyu ne ake haɗawa, femetireksed wanda kamfanin asali ke sayarwa da sunan Alimta, da sisfilatin, haɗin da ake amfani dashi tun 2004. Saboda shekarun Baba da gwajin ƙodarsa aka canza sisfilatin ɗin da kabofilatin don shi yafi sauƙi ga ƙoda. Duk bayan kwana 21 ake yi, zagaye 4 zuwa 6. Akwai ƙananan abubuwa da in ba'a kiyaye ba maganin zai cutar sosai, ƙwayar folik asid kullum tun sati guda kafin a fara, allurar bitamin B12 duk sati 9, sai maganin deksa kwana ɗaya kafin, ranar, da washegari don kada fata tayi ƙuraje. Aka kuma ja mana kunne kan diklo da burufen a kwanakin kemo don suna hana ƙoda fitar da maganin, wannan sai da na tsaya a kai sosai, kunsan gidajenmu, duk wanda yazo dubiya da ƙwayar da zai ciro daga aljihu yace wannan tana da kyau. Haka masu kawo jiƙo da sassaƙe, har wanda yazo da jarka yace a rediyo yaji mai maganin yana warkar da daji a sati uku. Likita yace zuma da addu'a da tofi da zamzam duk bismillah, amma jiƙon da ba'a san me ke ciki ba ƙodar da muke lallaɓawa zai ƙarasa. Baba da kansa ya dinga cewa a ajiye an gode, in sun tafi a zubar.

Ranar kemon kanta ba wani abu, ƙarin ruwa ne, na farkon minti 10 ma ya ƙare. Kwanakin bayanta ne aiki, kasala, tashin zuciya, baki ya daina jin ɗanɗano, sai a sati na biyu jini yayi ƙasa. Akace mu sayi ma'aunin zafi, in ya kai 38 ko tsakar dare ne mu taho kada mu tsaya cewa maleriya ce mu bashi magani a gida, don lokacin sojojin jini sun ragu ƙaramar cuta sai ta kwantar da mutum. Ya taɓa buƙatar ƙarin jini, ƙannena suka bayar. Gashinsa bai zube ba. Kuɗi kam sun zube, zagaye ɗaya da gwaje-gwajensa ya fi albashina na wata, 'yan uwa da mutanen masallaci da tsofaffin yaransa su suka dinga haɗawa, Allah ya saka musu. Da aka sake hoto akace cutar ta tsaya bata ƙaru ba, ta ɗan ja baya ma kaɗan. Ana maganar ƙarasa sauran zagayen Baba yace likita in na tsaya nan nayi laifi? Yace a'a Baba, jikinka ne. Ya tsaya. Ya samu watanni masu kyau bayan nan, ya aurar da autarmu yana zaune a kujera ana gaisawa dashi.

Da ciwon ya dawo da ƙarfi ya dawo, irin mai huda ta baya yana zagayowa gaba. Farasitamol ya daina yi, tiramol ya daina yi, akace lokacin mofin yayi, maganin ciwo mai ƙarfi, na ruwa da ake haɗawa a famasin asibiti. Nan ma sai da akai daru a gida. Mu mutanen Kano mun ga abinda kodin da tiramol sukai wa matasa har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, to Umma tana jin sunan tace ita ba za'a maida mata miji ɗan ƙwaya da tsufansa ba, Yaya kuma tace ai wannan in aka fara ba mutum to sallama ce. Wata sista a sashen kula da masu jinya mai tsanani ita ta zaunar da Umma, tace Hajiya wanda ke sha don ciwo daban da wanda ke sha don maye, kuma in aka bi awo baya gajarta kwana, rashin barci da azaba su suke cinye mutum. Ta koya mana a bashi duk awa 4 bisa agogo kada a jira sai ciwon ya taso, in ya ɓullo a tsakani akwai ɗan ƙari, mu rubuta a littafi duk abinda muka bayar don likita ya san yadda zai gyara awon. Tace kuma daga ranar farko a haɗa da maganin sakin ciki don mofin yana ɗaure ciki ba makawa, ƙwayar sena aka bamu wadda dangin filasko ce, Umma tana jin haka hankalinta ya ɗan kwanta. Kwana biyun farko yayi ta gyangyaɗi sannan ya ware. Daren da ya fara barci har asuba ba nishi, gidan gaba ɗaya mukai barci. Ina jin takaicin yadda mutane da yawa a garin nan ke mutuwa cikin ihu alhali maganin nan yana nan kuma baida tsada, tsoro ne kawai da rashin wanda zai yi bayani.

Wani ƙulli ya fito masa a daidai inda aka taɓa saka tiyo, akace halin cutar ne takan bi hanyar da aka huda. Aka tura mu Abuja akai masa gashi na 'yan kwanaki, ba don a kashe cutar ba don ciwon wajen ya lafa, kuma ya lafa. Aka ƙara masa amitiriftilin da daddare saboda zafin jijiya mai kamar wuta.

Numfashi kuma abin mamaki ƙaramar fanka mai caji ita ta fi yi mana aiki, a saita ta a fuskarsa, iskar dake bugun hanci da kumatu tana rage jin shaƙewar. Mun so mu sayi tukunyar oksijin tun da wuri likita yace ku auna tukuna, in abin yatsa yana nuna iskar jininsa da kyau oksijin ba zai ƙara komai a kan fankar ba. Sai can gaba da ta fara sauka muka ɗauko na'urar oksijin ta haya, ga matsalar wuta, sai da muka haɗa da sola, janareta kuma can bakin ƙofa saboda hayaƙi. Umma ta daina turaren wuta a ɗakin, girki ya koma bayan gida, lokacin hunturu muka dinga rufe taga da jiƙaƙƙen zani saboda ƙura. Kwanciya a miƙe ta gagara sai a jingine da matasai, in hakin ya taso ya zauna ya kifa hannu a kan tebur yana fitar da iska a hankali ta baki, ɗaya daga cikinmu ya dafa bayansa yana masa salati, don tsoro shi ke ninka hakin. Shi kansa mofin ɗin ɗan kaɗan yana rage haki, wannan ma bamu sani ba sai da aka faɗa mana.

Abinci shi yafi ba Umma kuka. Ta dafa tuwo da miyar kuka yadda yake so yayi loma biyu ya ture, ita gani take in yaci zai tashi. Sistar nan ta sake cewa Hajiya cutar ce ke cinye jikin ba yunwa ba, tilasta masa sai ya ƙara masa wahala, a bashi kaɗan-kaɗan abinda ransa ke so. Muka koma kunun gyaɗa, fura da nono mai ruwa-ruwa, dafaffen ƙwai, romon farfesu, kankana mai sanyi. Azumi yazo yace zai ɗauka, sai da limamin unguwa yazo da kansa yace Malam Allah ya ɗauke maka, a ciyar. Salla a zaune, daga baya a kwance, taimama da ɗan dutse a gefen gado. Da ya daina tashi muka raba dare tsakaninmu, juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, goge baki da auduga mai ruwa, shafa mai a baya da dugadugai.

Ya riga ya faɗa mana tun yana da ƙarfi cewa in abin yazo kada a kwashe shi zuwa asibiti a saka masa na'urori, a ɗakinsa yake so. Likitan ya yarda ya bamu lambar da zamu kira ya kuma rubuta mana yadda zamu ci gaba da maganin in haɗiya ta gagara. A gida ya cika, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an gano cutar, Allah ya jiƙansa ya sa jinyar ta zama kaffara.

Bayan sadakar bakwai na koma wajen likitan saboda Umma, don shekara da shekaru ita ke kakkaɓe kayan aikin Baba ta wanke, kuma an san matan ma'aikata na kamuwa ta wannan hanyar. Cutar dai bata yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ƙurar ce. Yace babu wani gwajin da za'a dinga yi mata duk shekara ya hana, kuma yawancin waɗanda suka shaƙa basa kamuwa, amma duk ranar da ta fara haki ko ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya mu kawo ta mu ambaci asbesto da bakinmu. Na tara yaran shagon Baba suma na faɗa musu haka. Birtaniya ta hana asbesto gaba ɗaya tun 1999, Afirka ta Kudu 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya tace duk nau'insa yana kawo kansa har farin da ake cewa mai sauƙi ne, mu kuma tsofaffin gidaje da makarantu da kwatas-kwatas cike suke dashi. Wanda ke zaune lafiya bai fashe ba a ƙyale shi yafi, haɗarin yana wajen yankawa da hudawa da rushewa. In dole sai an cire a jiƙa shi sharkaf da ruwa, a zare kusoshin a sauke shi ɗungurungum kada a farfasa, giranda kam ko kusa, kada a share ƙurar a bushe, takunkumin kyalle ko na asibiti baya tare ta sai na musamman mai matata, kayan da akai aikin dasu kuma kada a kai gida mata su wanke. Biyu daga cikin yaran shagon yanzu haka suna aikin sauke silin a wata tsohuwar makaranta, na saya musu takunkumin na kai musu har wajen.